Biyat na ƙasa

A babi na uku na kundin da nake rubutawa don digiri na biyu akwai wani ɗan jadawali mai layi uku. M1, mace, kimanin shekara 84. M2, namiji, kimanin shekara 88. M3, mace, kimanin shekara 79. Harafin M yana nufin mai ba da bayani, domin haka aka koya mana mu sakaya sunan wanda ya ba mu muryarsa. Abin da jadawalin bai nuna ba shi ne, M1 kakata ce wadda ta haifi mahaifina, M2 yayanta ne, M3 kuwa kishiyarta ce, wadda suka yi zaman gida ɗaya fiye da shekara hamsin. Biyu daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙan su.

Mu Gobirawa ne. Daga Tsibiri kakanninmu suka sauko Maraɗi, harshensu kuma bai sauya ba. Bincikena ya shafi bambancin Gobirancin tsofaffi da na matasan da rediyo da makaranta da finafinan Kano suka goge wa baki. Da aka ce in nemo tsofaffi, sai na ga abin nema ya samu, ga su nan cikin gidanmu. Na baro Yamai da jerin kalmomi ɗari biyu da salula mai ɗaukar murya.

Da Kaka na fara. Na same ta a gindin bedi tana ɓarar gyaɗa, na ɗaga mata yatsun hannu guda na ce, “Kaka, nawa ne nan?”

Ta yi dariya ta ce, “Kishiya, boko ya kai ki har Yamai, ƙirgan yatsu ya gagare ki? Biyat.” Sai ta yi shiru, ta dubi ƙwaryar da ke gabanta, ta ce a hankali, “Tara nih haihwa, biyat na ƙasa.”

Ina jin nauyin faɗar abin da na ji a lokacin, amma murna ce. Jimla ɗaya ta ba ni siffofi uku na karin harshen yamma: ga t a ƙarshen biyat inda daidaitacciyar Hausa ke da r, ga hw a gurbin f, ga kuma ninkin baƙi a nih haihwa. Na tsayar da ɗaukar murya don kada salular ta cika, na sunkuya ina rubutu. Ita kuwa ta ci gaba da magana. Ban san abin da ta ce ba. Sai da na koma Yamai ina juyar da maganar zuwa rubutu na tsaya na yi lissafi: mahaifina da ƴan uwansa su huɗu na sani. Tun da nake ban taɓa jin cewa su tara ne ba.

A shekarata ta biyu a jami'a na taɓa yin aiki a kan sunayen wabi, irin su Ajuji da Ayashe, waɗanda ake laƙaba wa jinjirin da yayyensa suka yi ta mutuwa, a nuna kamar ba a damu da shi ba ko mutuwa ta kau da kai. Daga littattafai na kwaso misalaina duka, na kuma sami maki mai kyau. Alhali laƙabin da tsofaffin gidanmu ke kiran mahaifina da shi irin wannan ne, ban kuwa taɓa tambayar dalili ba.

Yayan Kaka, wanda muke kira Tsoho, katinsa na ɗan ƙasa cewa ya yi an haife shi “wajen 1935”. Shi ba ya ƙidaya da lambobi. Shekarunsa sunaye gare su. Akwai Kakalaba, yunwar 1913 zuwa 1914, wadda bai gani ba amma ya ji a bakin uwarsa har ta zama kamar tasa. Akwai shekarar da gulbi ya ci gari, wato ambaliyar 1945 da ta sa aka tashi Maraɗi daga cikin kwari aka mai da ita kan tudu. Ya ce shi ya goya Kaka a ranar, tana kuka saboda wata ƴar akuyarta da ruwa ya tafi da ita. Akwai shekarar da aka daina aikin dole, 1946, lokacin da mahaifinsu ya bar kwana a daji don gudun masu kamen mutane. Sai zamanin gyaɗa, da ya yi yana awo a kasuwa, ana ɗora buhuna a manyan motoci zuwa Kano, daga can jirgin ƙasa ya kai su bakin teku. Sai farin 1973 da ya karya gyaɗar, ya raba shi da shanun nomansa biyu. Sai El Buhari, yunwar 1984, wadda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya, har aka sa mata sunan shugaban da ya rufe ta. A shekarar nan, in ji shi, da jaki yake ratsa daji cikin dare ya shigo da garin rogo, da shi aka riƙe gida mai baki ashirin da wani abu.

Duk wannan ina da shi da muryarsa, minti arba'in da uku. Dalili kuwa shi ne na manta ban kashe salular ba. Cikin sa'o'i goma sha ɗaya da na ɗauko, wannan mantuwar ce kaɗai nake komawa in saurara ba don aiki ba. Kuma ko ta fuskar aikin, a nan ne Gobirancinsa ya fi fitowa: munka da sunka suna zuba ba tare da na roƙa ba, alhali a jerin tambayoyina yakan gyara bakinsa don ya faranta wa “amarya ƴar boko”.

Kishiyar Kaka, Inna Ƙarama, ita ta nuna mini kuskure na uku. Akwai kalma ɗaya a jerin da na yi juyin duniya ta ƙi faɗa, sai kewaye take yi. Na rubuta a gefe: “ba ta san kalmar ba”. Wata gwaggona ce ta duba takardar ta riƙe baki. Kalmar ta yi kama da sunan kakanmu, mijinsu, wanda ya rasu shekara ashirin da suka wuce. Alkunya ce ta hana ta, ba rashin sani ba. Da wannan kuskure ya shiga kundi, da na ɗora wa tsohuwa jahilci a kan abin da ta fi ni sani nesa ba kusa ba. Ni ma ba zan rubuta kalmar a nan ba.

Kaka ta rasu da damina, Tsoho ya bi ta kafin wata daminar ta zagayo. Ba na zargin hanyar binciken da aka koya mana. Jerin kalmomi yana da amfaninsa, sakaya suna kuma haƙƙin mutane ne. Sai dai ina roƙon ƴan uwana ɗalibai da za su fita neman bayanai bana: idan tsoho ya amsa tambayarku ya zarce, ku ƙyale na'urar ta ci gaba. Wurin ajiya a salula ana sayensa a kasuwa.

A hutun da ya wuce na koma gida ba tare da jerin kalmomi ba. Na zauna kusa da Inna Ƙarama na ce, “Inna, ƴaƴan Kaka da suka rasu, kin san su?”

Ta ce, “Ni da na yi musu wanka? Ita ko tana da rai ba ta hwaɗa miki sunan na hwari, ɗan hwari ba a kiran sunanshi. Amma ni ina iyawa.”

Ta lissafo su ɗaya bayan ɗaya, kowane da shekararsa: wannan ƙyanda, wannan zazzaɓin damina, waɗannan biyu shekarar fari. Huɗu ke nan. Na jira na biyar.

Ta ce, “Wannan kwana shida tay yi. Ba a kai ga suna ba.”

Na rubuta huɗun a shafin farko na kundin, na bar layi guda babu komai a ƙarƙashinsu.