Abin da ke Ƙarƙashin Farcen Roba

A Maradi akwai wata mai sana'ar kwalliyar farce da ke aiki a wani ɗan shago mai kujera biyu, gefen masu kitso. Allon bakin ƙofa ya ce ana sa farce, amma kusan rabin aikinta cirewa ne. Kasuwar masu sawa tana ci ne a jajibirin Sallah da lokacin bukukuwan aure. Ita kuwa tata kasuwar sai bayan mako biyu ko uku take buɗewa, sa'ad da faratan da aka liƙa a gurguje, a tsakar gida ko a rumfar kasuwa, suka fara ɗagowa. Matan kan shigo da hannu a ɓoye cikin hijabi, kuma kusan dukkansu da kalma ɗaya suke zuwa: "Tanti, ɗan gyara mini za ki yi."

Abin da suke nufi da gyara a fili yake: a ɗiga gam inda ya ɗago, a danne, a shafa sabon launi a bisa, aikin minti goma. Ita kuwa ba ta taɓa kwalbar gam sai ta juya yatsan a tafin hannunta ta duba gindin farcen, wurin da yake haɗuwa da fata, domin a nan mugun aiki yake tona kansa. Wani an zaɓi farcen roba da ya fi na jiki faɗi, har ya hau kan fata, kuma duk abin da ya hau fata sai ya ɗago, tunda fata tana motsi tana gumi. Wani an liƙa shi ba a share maiƙo da ƙura ba. Wani kuma gam ɗin bai bazu ba, ana hango kumfar iska a ƙarƙashi kamar ƙwayar gero. Kowanne daga cikin waɗannan kurakurai ƙofa ɗaya yake buɗewa, wato ƴar tazara tsakanin farcen jiki da na roba, wadda ido ba ya damuwa da ita amma ruwa yake samun hanya. Hannun mace a garin nan kuwa daga wanke-wanke sai wanki sai surfe, bai cika yini a bushe ba.

Ruwan da ya shiga ba ya fita. Wuri ne mai ɗumi da laima da duhu, kuma irin wurin da wata ƙwayar cuta mai suna Pseudomonas aeruginosa ke so ke nan. Tana zaune a ƙasa da ruwa ko'ina, ba sai an ɗauko ta daga wani wuri ba. Idan ta samu wannan ɗaki sai ta hayayyafa, ta riƙa fitar da wani launi da ke rina farce kore, daga baya ya koma kamar baƙi. Mata kan ce funfuna ce, kamar ta tuwon da ya kwana biyu, alhali bakteriya ce. Wanda ya ɗiga gam a kan wannan ya rufe mata ƙofa daga waje ne kawai, ita tana ciki da ruwanta. Shi ya sa mai shagon ba ta amsa roƙon minti goma idan ta hango ko da ɗigon kore ne.

Abin da ya fi wuyar shiga kunnen masu zuwa shi ne cewa farce ba ya warkewa kamar yadda fata take yi. Ɓangaren da ake gani sinadarin keratin ne da ya riga ya ƙandare, ba jini a cikinsa. Idan an kankare shi ya yi siriri, haka zai zauna, idan ya rinu kore, koren zai zauna ko bayan ƙwayar ta mutu. Sabo ne kaɗai zai tunkuɗo shi daga tushe, kuma farcen hannu kimanin milimita 3 yake tsirowa a wata, ya ɗauki wata 4 zuwa 6 kafin ya sake gaba ɗaya. Ba gwanintar da ke rage wannan lissafi ko da mako guda.

Cirewar ma aiki ne na haƙuri. Tana rage tsawon da almakashi, ta goge ƙyallin da ke bisa da magogi domin ruwan cirewa ya samu shiga, ta shafa man basilin a fatar da ke kewaye, sannan ta jiƙa auduga da asiton ta ɗora a kan kowane farce ta naɗe da takardar aluminiyam. Bayan minti 15 zuwa 20 robar ta yi laushi, sai ta ture ta a hankali da tsinken itace. Inda ya ƙi, ta sake naɗewa ta jira. Ba ta ɓamɓara, domin duk abin da aka ɓamɓare da ƙarfi yana tafiya da ɓawon farcen jiki. A nan ne wani dalili na wurinmu yake shigowa. Da yake malamai sun ce ruwan alwala da na wanka sai ya taɓa farcen kansa, mata da yawa kan sa na roba ne a kwanakin da ba su salla, kuma ranar da za su yi wanka sai su cire shi da haƙori ko da reza. Ɓarnar da wannan gaggawa ke yi takan fi ta mai liƙawar. Shi kuma asiton abu ne mai saurin kama wuta, a zafin watan Afrilu yana tashi sama tun kafin a rufe kwalba, don haka kaskon turaren wuta da gawayin shayi ba su shiga shagon.

Akwai faratan da asiton ba ya motsa su cikin minti ashirin, kuma tun daga warin da ke tashi in ta fara gogewa take gane su. Farcen da ake ginawa da hoda da ruwa daga ɗakin likitan haƙori ya fito: wani likitan haƙori a Amurka, Fred Slack, shi ne a shekarun 1950 ya gyara farcensa da ya karye da kayan aikinsa, daga nan abin ya zama sana'a. Ruwan da aka fara amfani da shi, wanda ake taƙaita sunansa da MMA, hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ɗauki mataki a kansa a 1974 saboda ƙorafin masu rauni, masu sana'a suka koma wani ɗan'uwansa mai suna EMA. Sai dai na farkon ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma har yau yana yawo a kwalabe marasa suna. Ba ya kama farce sai an kankare shi sosai, in ya bushe kuma ya fi farcen jiki tauri. Yatsa ya bugi bakin turmi ko murfin ƙofa, maimakon robar ta karye sai farcen jiki ya rabu da namansa. Irin wannan kan cinye mata fiye da awa guda a hannu ɗaya, kuma kuɗin cirewa ɗaya ne.

Gam ɗin liƙawa da laimar iska yake bushewa, shi ya sa a hunturu yake jinkiri, mai koyo ta ga bai kama ba ta ƙara, ya kwarara kan fata. In ta goge da auduga kuma sai ya ɗauki zafi har ya ƙona. Shi kuwa jel sai an gasa shi a ƴar fitila mai shuɗin haske. Wuta ta ɗauke ana tsaka da aiki, samansa ya bushe cikinsa ɗanye, mai shi ta tafi da shi gida. Wannan ɗanyen sinadari in ya daɗe yana taɓa fata, jiki kan ƙi shi: ƙaiƙayi da ƙuraje a kan yatsu, wani lokaci har a fatar ido. Ƙungiyar likitocin fata ta Birtaniya ta yi gargaɗi a kan haka a 2018. In jiki ya ƙi shi, ya ƙi ke nan har abada, kuma danginsa ne ake cike ramin haƙori da su.

Wata rana aka kawo mata amarya, saura kwana uku ɗaurin aure, gwaggonta na gaba. Farata biyu sun yi kore, na uku ya rabu da nama har yana fitar da mugunya.

"Hajiya, waɗannan sai dai a cire duka. Wannan ɗayan kuma ba nawa ba ne, na likita ne."

"Ke dai rufe mana su, bayan biki ma je asibitin. Nawa ne kuɗinki?"

"Ba batun kuɗi ba ne, Hajiya. In na rufe shi yau, ranar kai amarya ba za ta iya riƙe komai da hannun nan ba."

Gwaggon ta ce shaguna ba su ƙare ba a garin, kuma gaskiya ta faɗa. Amaryar ce ta miƙo hannu ba ta ce uffan ba. Aka cire, aka yanke su gajeru, mai shagon ta ba da shawarar jan lalle a yatsun da ke lafiya, irin na ganye, ta hana baƙin nan na kanti da shi ma yake ƙona wasu. Gwaggo ta biya tana mita. Ba kullum ake rabuwa haka ba. Sau da yawa mai hannun takan tashi ta nemi wadda za ta ɗiga mata gam ba tambaya, ta kuma gaya wa ƙawayenta cewa Tantin nan tsada da iyayi sun yi mata yawa.

Tambaya ɗaya ce ba ta yi wa kowa, wato wa ya yi miki wannan aiki. Ta san amsar. Yawanci yarinya ce da ta kalli bidiyo a waya ko ta yi wata biyu tana miƙa wa wata kaya, ta sayi gam da hoda a kasuwa, tana neman na sabulu. Laifin yarinyar bai kai na mai sayar mata da sinadari a kwalba ba rubutu ba, in ma da rubutun da Ingilishi ne ko Sinanci, wani lokaci Faransanci, ba wanda ya taɓa gaya mata da Hausa abin da ke ciki. Mutane sun daɗe da sanin haɗarin almakashin mai yankan farce da ke yawo a tasha in bai tsabtace shi ba, amma wannan sabon haɗari ko suna bai gama samu ba. Ita kanta mai shagon da Hausa take koyar da yaranta biyu, ɗaya ƴar wajen Tawa ce da ke cewa akaifa, ɗaya ta ce farce, sauran kalmomin kuwa ita take ƙirƙira: tushen farce ta ce masa uwa, tazarar da ruwa ke shiga ta ce mata aljihu. Kuma ba ta barin ɗayarsu ta liƙa wa kowa komai sai ta yi wata guda cur tana cirewa.

Wadda aka cire wa tana tafiya da umarni kaɗan: ta bar faratan gajeru, ta riƙa busar da hannu bayan ruwa, ta shafa man kaɗe a gindinsu da dare, kada ta sa komai a bisa. In ja ko kumburi ko zogi ya biyo baya, ta nufi asibiti. Bayan wata guda ta dawo a duba ko koren ya matsa gaba zuwa bakin farce, ko sabon da ke fitowa daga tushe fari ne. In haka ne, sai a yanke abin da ya tsiro a sake ba ta wani watan.