Baba da Doki: Me Muke Kaiwa Idan Duniya Ta Taru Kallon Wasa?

Mutanen ƙasar Romaniya ba su wuce miliyan 19 da yawa ba, wato ba su kai yawan da ake ƙiyasta wa jihohin Kano da Katsina a haɗe ba. Duk da haka, wanda ya bi labarin wasannin Olamfik da aka yi a Faris daga 26 ga Yuli zuwa 11 ga Agusta, 2024, zai ga ƙasar ta shiga birnin ta ƙofa fiye da ɗaya. Matashinsu David Popovici ya ci zinare a ninƙayar mita 200. Daren buɗe wasannin an ga Nadia Comaneci, wadda ta sami maki goma cif a Montreal a 1976, cikin jirgin ruwa a kan kogin Seine tare da masu ɗauke da wutar gasar. Kafin nan kuma, daga watan Maris zuwa farkon Yuli, Cibiyar Pompidou ta baje ayyukan Constantin Brancusi, masassaƙin da ya taso a ƙauyen Romaniya, ya isa Faris a 1904, ya rasu a can a 1957. Faransawa ne suka shirya wancan baje koli, amma sunan da baƙi suka tafi da shi a baki na Romaniya ne. Ƙasar tana da Cibiyar Al'adu ta musamman wadda aka kafa a 2003, mai rassa a Landan da Faris da New York da wasu manyan birane, kuma aikinta shi ne kada irin wannan taro ya watse ba a ji ɗuriyar mawaƙanta da marubutanta da masu zanenta ba.

Ni ɗan Tarai ne, a ƙaramar hukumar Kibiya, kuma binciken da nake yi tun digiri na biyu ya shafi kalmomin saƙa da rini a ƙasar Rano. Abin da ya ja hankalina ga Romaniya tambaya ce da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya: in an ce yau ga rumfa an ba Hausawa a gefen babban filin wasa na duniya, me za mu shimfiɗa a ciki, wa zai zaɓa, kuma wa zai tsaya ya yi bayani?

Ba mu rasa abin kaiwa ba. A tarihin baka na Hausa Bakwai, da aka raba wa 'ya'yan Bawo ayyuka, Gobir ta sami yaƙi, Katsina da Daura suka sami kasuwa, Kano da Rano kuwa aka kira su Sarakunan Baba. Ko da masana tarihi sun yi ta ja-in-ja a kan ingancin labarin, rabon da ya yi bai zo da ka ba. Lokacin da Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, ya ƙiyasta tufafin da ake fitarwa daga ƙasar duk shekara da cewa sun kai na wuri miliyan 300 a ƙalla, ana kai su Tambutu da Gat da Tarabulus. Binciken Philip Shea a kan rinin ƙasar Kano a ƙarni na sha tara ya nuna cewa kaso mai yawa na wannan aiki a garuruwan karkara ake yin sa, musamman na kudu, inda Kura ta yi suna da rawaninta. Ke nan tun kafin a san wani abu wai shi baje kolin al'adu, zanen da aka saƙa aka rina a yankinmu ya riga ya ƙetare Sahara, kuma masu saye sun san shi da sunan garin da ya fito.

Lokacin da aka baje sana'ar Bahaushe a gefen babban filin wasa na Turai, ba Bahaushe ne ya tsara ba. Filin Wembley da matasan Tarai ke gani a gidan kallo yau ya gaji sunan tsohon filin da aka gina domin Baje Kolin Daular Birtaniya, wanda Sarki George na Biyar ya buɗe ranar 23 ga Afrilu, 1924. A cikin harabar aka gina wa Afirka ta Yamma wani gari mai ganuwa, aka kwaikwayi fasalin biranen Arewacin Nijeriya, aka kwaso masu sana'a, ciki har da Hausawa, suka zauna a ciki suna aiki mutane na zagayawa suna kallo. Kayan sun burge, babu shakka. Sai dai masu kayan su ma sun zama abin kallo, jaridun Landan suka riƙa yin rubutun raini a kansu, har ɗaliban Afirka da ke karatu a can suka kai kuka Ofishin Mulkin Mallaka. Daga wannan ɗumi ne Ladipo Solanke da abokansa suka kafa Ƙungiyar Ɗaliban Afirka ta Yamma a 1925. Abin da ya fi damuna a wannan labari shi ne masaƙin da ya zauna a Wembley ya san sunan kowace sanda ta masaƙarsa, ya san bambancin saƙi da gwado da tsamiya, amma bayanin da baƙi suka karanta wani ne ya rubuta shi, da wani harshe, domin wata manufa.

Bayan mulkin kai mun karɓi ragamar zaɓi, sai dai hannunmu ya saba da abu guda. An yi wa Yariman Wales hawa a Kano a 1925, an yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956, aka sake yin gagarumin hawa a Kaduna lokacin bikin FESTAC a 1977. Kano ta karɓi baƙuncin wasannin kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 20 a 1999, da na kofin Afirka a 2000, da na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009, duk a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, taku kaɗan daga tsohuwar marina. Har gobe, da zarar an ce ga baƙi nan tafe, doki ne ke fara faɗo wa mahukunta a rai. Ban raina hawa ba. Wanda ya tsaya a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe ya san abu ne da ba shi da na biyu, kuma shigar da UNESCO ta yi masa cikin jerin gadon al'adun duniya a Disamban 2024 ya cancanta. Ƙorafina shi ne hawa kansa baje kolin tufafi ne wanda ba a rubuta wa sunaye ba. Baƙo yana ganin rawani yana sheƙi, ba wanda ya gaya masa cewa mabuga ne suka zauna a gaban gungumen itace suna dukan zanen da shuni har ya yi wannan ƙyalli. Yana ganin aska takwas a ƙirjin riga, bai san watanni nawa maɗinki ya ɗauka ba. Ba ya kuma sanin cewa yawancin shaddar da mahayan ke sanye da ita yau daga Ostiriya ko Sin aka shigo da ita.

A wasannin Landan na 2012 an gwada wata hanya. Nijeriya ta buɗe gidanta a wani tsohon gidan wasan kwaikwayo da ke Stratford, kusa da dandalin gasar. Rumfar haɗin gwiwa da ƙasashen Afirka suka kafa a lambun Kensington kuwa, rufe ta aka yi kafin a gama wasannin saboda bashin 'yan kwangila.

Inda Romaniya ta fi ba ni sha'awa shi ne maganar rigar matan karkararsu, wadda suke kira iya, mai ado a kafaɗa. Riga ce ta manoma, kamar yadda gwado yake a wurinmu. Henri Matisse ya zana ta a 1940, 'yan ƙasar suka ware ranar 24 ga Yuni domin sanya ta ko'ina suke a duniya, sannan a 2022 UNESCO ta amince da fasahar ɗinkinta bisa takardar da Romaniya da Moldoba suka shigar tare. A 2024, da wani babban kamfanin tufafi na Faransa ya fitar da rigar da ta yi kama da ita, masu kare rigar suka fito suka faɗi yankin da salon ya fito, har ma'aikatar al'adun ƙasar ta sa baki. Sun iya yin haka ne saboda an daɗe ana bin ƙauye ƙauye ana rubuta wane ado na wane yanki ne. Mu kuwa, manyan rigunanmu suna rataye a gidajen tarihi na Turai da Amurka, sau da yawa da ɗan allo mai cewa aikin Hausa ko Nufe ne, ba sunan gari, ba sunan maɗinki. In gobe wani ya ɗauki aska biyu ya manna a rigar 'yan ƙwallo, da wace takarda za mu tunkare shi?

Akwai misali na kusa da ya fi dacewa da mu. A Disamban 2005 Yamai ta karɓi wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci, ƙungiyar da Romaniya ma ke cikinta. A waɗannan wasanni ana ba mawaƙi da mai zane da mai tatsuniya lambar yabo kamar yadda ake ba mai tsere, kuma kokawar gargajiya tana cikin gasa sosai. Nijar ta isa wurin da shirinta, domin tun 1975 take gudanar da gasar takobin kokawa ta ƙasa, wadda aka fara a Tawa. Wannan tunani ma ba sabo ba ne: daga 1912 zuwa 1948 ana ba da lambobin Olamfik a fannin adabi da kiɗa da zane da sassaƙa da tsarin gini. Dambe kuwa bai jira gayyatar kowa ba, ya bi ta YouTube ya isa ko'ina. Sai dai abin da ke isa can naushi ne da faɗuwa. Kirari da taken kalangu da dangantakar wasan da sana'ar fawa duk sun zama hayaniyar bayan fage ga wanda ba ya jin Hausa. Wanda bai san abin da Ɗan Anace ya yi wa Shago ba, rabin dambe ya gani.

Na san abin da za a ce, domin an faɗa mini a gida. Manomin Tarai da ke neman taki da kuɗin makarantar 'ya'ya ba ruwansa da rumfa a Faris, kuma kuɗin da za a kashe a kai tawaga waje ya isa a haƙa rijiyoyi. Wasu kuma suna ganin akwai abubuwan da ke cikin dambe da kiɗa waɗanda bai kamata a tallata su da sunan al'umma Musulma ba. Magana ta farko tana da nauyi, ban kuma yarda da tawagar da jami'ai suka fi masu sana'a yawa a cikinta ba. Amma rini da saƙa abinci ne kafin su zama al'ada. Kasuwar waje ce ta raya karofin kudancin Kano a ƙarni na sha tara, rashin kasuwa ne kuma ya sa aka cike rijiyoyinsa da shara. Ɗan masaƙi ba zai zauna a kan masaƙa domin kishin tarihi ba alhali acaɓa ya fi kawo kuɗin cefane.

Kasonmu a nan, mu manazarta Hausa, ya fi yadda muke ɗauka. Kundayen digiri a kan sana'o'in gargajiya sun cika kantoci a sassanmu, amma kaɗan ne aka rubuta ta yadda mai shirya baje koli zai iya ɗauka ya yi aiki da su. Sau da yawa mukan jera kalmomi mu ba da ma'ana a layi ɗaya mu wuce. A ɗauki kalmar katsi. In an ce laka ce da ke kwantawa a gindin rijiyar rini, an faɗi gaskiya, amma an bar mafi yawan labarin. Ana kwashe ta a busar, a ƙona, a mayar da ita cikin sabon haɗi tare da baba da toka. Da ita kuma ake yin laso, a gauraya da gashin dabba da dafara, a shafe cikin rijiyar don kada ta sha ruwa, har a shafe soraye da shi. Kalma ɗaya ta haɗa marini da magini da majemi. Irin wannan bayani ne baƙo zai tsaya ya karanta, kuma ba mai iya rubuta shi sai wanda ya zauna da masu sana'ar da harshensu. Haka allera da ƙoshiya da mazari da abawa: kowace tana buƙatar hoto, da muryar mai sana'a, da sunan garinsa, da sunansa in ya amince, sannan fassara zuwa Ingilishi da Faransanci da Larabci wadda ta fito daga hannunmu.

Dattijon da na fi ɗaukar bayani a wurinsa ƙanen kakana ne, kuma ya daina saƙa tun da idonsa ya yi rauni. Duk lokacin da na kunna masa abin da na naɗa, sai ya gyara mini wata kalma, ko ya ce wannan sunan na mutanen Kura ne, a nan ba haka ake faɗa ba. Sandunan masaƙarsa suna jingine a zaure, jikokinsa na rataya rigunan ƙwallo a kansu. Daga 31 ga Oktoba zuwa 13 ga Nuwamba, 2026, Dakar za ta karɓi wasannin Olamfik na matasa, karon farko da za a yi wata gasar Olamfik a nahiyar Afirka. Na fara fassara bayanansa zuwa Faransanci da taimakon wani abokin karatu ɗan Maraɗi, mun kai kan kalmomin bugu.