Kututturen gawo bai mutu ba

Akwai wani manomi a ƙasar Maradi. Kowace bazara yakan sassabe gonarsa ƙaƙaf. Tohon gawo da sabara da kalgo, duka ya sare ya ƙone. Haka ya gada wurin ubansa. Lokacin farin 1984, iska ta binne shukarsa da rairayi. Matarsa kuma tana tafiyar rabin yini neman itacen wuta.

Sai ya lura, kututturan gonarsa suna toho kowace shekara, don saiwarsu tana da rai. Ya bar sare su. Ga kowane kututture ya zaɓi toho 3 zuwa 5, miƙaƙƙu masu ƙarfi, ya yanke sauran. Ya datse ƙananan rassa har rabin tsawo. Da gatari mai kaifi yake sara, daga ƙasa zuwa sama, don kada ɓawo ya yage.

Maƙwabta suka yi dariya, suka ce gonar rago ce. Yau gawo ya girma. Da damina yana kaɗe ganye, ba ya tare wa hatsi rana. Da rani bisashe suna cin ƴaƴansa, suna barin taki a gindinsa.

Manoma, bana kafin ku sare toho, ku tsaya ku duba.