Saƙon Da Bai San Ɗaki Ba

Jama'a, duk wanda ya san gidajen haya na Nima da Maamobi ya san isa ƙofar gida ba shi ne isar da saƙo ba. Gida ɗaya, ɗakuna goma sha. Idan ɗan aike bai san ɗakin da zai yi sallama ba, sai ya koma da saƙonsa. To, haka abin yake ga kwamfuta.

A makarantar da nake koyarwa muna da tsofaffin kwamfutoci da muka sa wa Ubuntu, wato wani nau'in Linux ɗin da Linus Torvalds ya fara a 1991. Kyauta ne, ba a biyan ko sisi. Babbar damuwarmu ita ce wuta. Idan aka ɗauke, batirin ajiya mintoci kaɗan yake riƙewa, yaron da bai adana aikinsa ba kuwa ya yi asara, ga jarrabawar BECE tana tafe. Ɗakuna biyu ne, malami ɗaya. Saboda haka nake so gargaɗi ya faɗo a fuskar kowace kwamfuta daga teburina.

Akwai umarnin da ake kira notify-send, aikinsa ke nan. Yaro ya buga shi a gabansa, saƙo ya fito nan take. Amma in na shiga daga nesa ta ssh da sunan mai kula, sai shiru.

Ga dalili. Kowane mai amfani da ya buɗe teburinsa yana da tasa hanyar saƙonni, sunanta D-Bus. Mai kula, duk da ikonsa, ba a kan hanyar yaron yake ba. Sai an gaya wa umarnin abu biyu: da sunan wa zai yi magana, kuma ina ne ɗakin. Na farko sudo -u ne da sunan ɗalibin. Na biyu a cika DBUS_SESSION_BUS_ADDRESS da unix:path=/run/user/1000/bus. Wannan 1000 lambar mai amfani na farko ce a Ubuntu. Id -u zai nuna ta sauran.

In har yanzu shiru, a duba uku. An sa libnotify-bin? Yaron ya shiga teburinsa kuwa? Ba a sallama a ɗakin da ba kowa. Ko ya kunna maɓallin hana damuwa? A GNOME, ƙara -u critical yana sa saƙon ya fito duk da haka, ya tsaya har a rufe shi.

Sai dai a yi hattara, 'yan'uwa malamai. Mai shela in ya yawaita buga ƙararrawa a banza, ranar gobara ba mai leƙowa. Ni wannan babbar murya wuta kaɗai na ware wa.

Allah ya ba yaranmu ilmi mai amfani, amin.