Ba Mu da Teku, Amma Muna da Madarunfa

A Kona, idan ka ga mutum da jaka a bakin hanya yana jiran mota, ba sai ka tambaye shi ba. Ɗaya daga cikin huɗu ne: biki, gaisuwar mutuwa, ganin likita, ko ci-rani. Wanda ya ce zai je wani gari don kawai ya gani da idonsa ya dawo, za a ce ko dai kuɗi sun yi masa yawa, ko kuwa aiki ya yi masa kaɗan. Duk da haka, bana ni da abokan aikina biyu muna shirin tafiyar da ba ta cikin huɗun nan. Muna so mu kai yaran ajin ƙarshe na makarantarmu, tare da namu na gida, su ga Maradi da Tabkin Madarunfa a hutun ƙarshen Disamba. Wuni biyu ne da kwana ɗaya.

Abin da ya tura ni shi ne darasin labarin ƙasa. Kowace shekara ina rubuta wa yara a allo mene ne tabki, mene ne kogi, mene ne teku. Suna hardacewa da Faransanci, su zuba a takardar jarrabawa, su ci. Amma ruwan da suka sani bai wuce na rijiya da famfo ba, sai kududdufan damina da ke ƙafewa tun sanyi bai wuce ba. Ko Gulbin Kaba da ya ratsa yankinmu ya nufi Mayahi, goruba ta fi ruwa yawa a cikinsa. Yaron da bai taɓa tsayawa gaban ruwan da ya fi ƙarfin jifansa ba, kalmar tabki a wurinsa suna ce kawai.

Akwai wani abu a tarihin Ingila da ya ƙarfafa mini gwiwa. A can babu garin da ya yi nisa da teku fiye da kilomita 113, wato bai ma kai tsakanin Tasawa da Maradi ba. Amma da farko masu hali kaɗai ke zuwa bakin teku shan iska. A ƙarni na 19, a lardin Lankasha mai masaƙun auduga, garuruwa suka saba rufe masaƙu mako guda a shekara, jirgin ƙasa kuma ya kai yankin Blackpool a 1846. Sauran kuɗi. Sai ma'aikatan suka riƙa tara 'yan kwabbai kowane mako a hannun ƙungiya, a raba musu ranar jajibirin hutu. Da na karanta wannan sai na yi dariya, domin adashi ne, wanda iyayenmu mata suka fi kowa iyawa. Ashe hutun talaka ba ya faɗowa daga sama a ko'ina. Lokaci ake zaɓa, a san hanya, a tara guzuri.

Mu teku ta yi mana nisa. Daga Yamai ma zuwa Kwatano kimanin kilomita 1,000 ne, kuma tun 2023 hanyar ba ta zama yadda aka saba ba. Amma kudu da Maradi, ƙasa da kilomita 30, ga Tabkin Madarunfa, wanda ba ya ƙafewa da rani kamar namu. A gefensa akwai kaburburan da ake cewa na waliyyai 99 ne, masu ziyara na zuwa daga nesa. Tun 2006 Nijar ta sa tabkin da dajinsa da kaburburan a jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a matsayin kayan gadon duniya. Mutanen wasu ƙasashe sun san sunansa, yaranmu kuwa da ke jiha ɗaya da shi ba su taɓa ganinsa ba.

Zaɓen lokaci bai ba mu wuya ba. Babban hutu yana faɗawa cikin damina, daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da kowane yaro ke da aikinsa a gona. Wanda ya nemi uba ya saki ɗansa ana tsakiyar noma, shi ya jawo wa kansa. Hutun ƙarshen Maris kuma zafi ya kankama, rumbuna sun fara sauka. Disamba ce ta rage: an gama kaka, akwai ɗan abu a hannu, rana ba ta da zafi, tabki na cike, tsuntsayen da ke gudun sanyin Turai sun sauko sun haɗu da dinya da kirinjijiya da zalɓe.

Maganar kuɗi kuwa, ba mu ce kowa ya kawo takarda ba. Mun roƙi kowane gida ya ba da tiya biyu ta wake tun ana sussuka, muka ajiye a hannun ma'ajin kwamitin iyayen yara, za a sayar idan tafiya ta matso. Mu malamai muka buɗe adashi, kowa na zuba jika guda a ƙarshen wata tun daga Oktoba. Mun yi ƙa'ida ɗaya tun farko: yaron da gidansu ba su iya kawo wake ba zai hau mota tare da sauran, kuma babu wanda zai san sunansa sai mu da ma'aji. Guzuri daga gida za a yi shi, fura da ƙuli-ƙuli da garin rogo, domin abincin tasha shi ke cinye kuɗin matafiyi. Masauki ma ba na haya ba ne. Ƙanen maiɗakina da ke Maradi ya ba mu zaurensa don samari, 'yan mata kuma za su kwana cikin gida tare da malama da uwaye biyu da za su raka mu.

Ga yadda muka tsara. Za mu kama hanya da sassafe, mu bi babbar kwalta ta Agye da Cadawa, mu shiga Maradi kafin azahar. Da la'asar yara za su ga fadar Sarkin Katsinan Maradi, su ji yadda sarakunan Katsina suka kafa garin bayan jihadi ya fitar da su daga birninsu a farkon ƙarni na 19. Za mu sauka da su kwarin gulbi, inda tsohon garin yake kafin ambaliyar 1945 ta sa aka koma kan tudu. Daga nan mu bi ta ƙofar Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, ko da tsayawa kawai za mu yi su ga yayyensu na shige da fice da littattafai. Washegari da safe sai Madarunfa. Kowane yaro zai riƙe littafi da fensir, ya zana tsuntsu ɗaya, ya yi wa masunci tambaya ɗaya, ya rubuta sunan kifi ɗaya, ko tarwaɗa ko karfasa. Azahar ta yi, mun juyo, magariba ta same mu a gida.

Ba zan ɓoye wa iyaye inda zuciyata ke bugawa ba. Yankin Madarunfa na bakin iyaka, kuma kowa ya ji abin da 'yan bindiga suka yi a ƙauyukan wajen Gabi da dajin Baban Rafi a 'yan shekarun nan. Saboda haka ba za mu yi tafiyar dare ba, ba za mu wuce garin Madarunfa zuwa kudu ba, kuma ba za mu motsa ba sai da takardar izini daga sufeton makarantu. Ana jibi tafiya zan kira abokan aikinmu na can in ji halin da ake ciki. Idan suka ce a dakata, za mu tsaya a Maradi, tabki ba ya gudu. Na biyu, babu yaron da zai shiga ruwa, ko wanka ko jirgi. Yaranmu ba su iya iyo ba, ga tsargiya da ake ɗauka a ruwan da ke kwance.

Mafi wuyar aikin shi ne shawo kan iyayen 'yan mata. Wani dattijo a kwamiti ya ce mini: “Malam, mazan dai ka kai su. Ita mace me za ta yi da ganin tabki?” Na ce: “Baba, ita ma jarrabawa ɗaya za ta zauna da su, tambaya ɗaya za a yi musu. Kuma gobe ita ce za ta ba jikokinku labari.” Ya yi shiru, sannan ya ce idan uwargidansa na cikin masu rakiya ya yarda. Hajiya ta fi mu murna, domin ta daɗe tana son ziyarar kaburburan waliyyai. Da sunanta ya shiga, gidaje uku da suka noƙe suka aiko da wakensu.

Na san akwai mai cewa makarantar da wasu yaranta ke zaune a rumfar zana ba ta da bakin maganar yawon buɗe ido. Maganarsa na da nauyi, ni ma a rumfar na fara koyarwa. Sai dai tiya biyu ta wake ba za ta gina aji ba, alhali za ta iya kai yaro inda zai gane cewa abin da ke cikin littafi akwai shi a doron ƙasa. Yaranmu da yawa tafiyarsu ta farko ita ce ta ci-rani, zuwa Kano ko Agadas ko ma gaba, ba malami ba uba. Gara su fara fita tare da mu, su koyi yadda ake gaida baƙo, da yadda ake tambayar hanya, da yadda ake komowa gida.

'Yan'uwana malamai na Tasawa da Mayahi, ba dole sai Madarunfa ba. Wanda Damagaram ta fi masa kusa, ga fadar sarki da tsohuwar unguwar Birni. Wanda ba shi da kuɗin mota mai nisa, ga Maijirgi nan kusa, inda tafiyar Voulet da Chanoine ta ƙare a 1899 bayan ɓarnar da suka yi wa garuruwan Hausa. Ku zauna da iyaye tun hatsi na masussuka, ku sa rana, ku naɗa ma'aji. Iyaye kuma, idan malami ya zo da maganar, ku tambaye shi wa zai raka, ina za a kwana, yaushe za a dawo. Idan amsarsa ta gamsar, ku saki yaran. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya.