Takalmin Fam 160 da Tuddan Pentland

Tun da na sauka birnin Edinbara na ƙasar Sikotlan domin neman ilmi, na gamu da abubuwa da yawa waɗanda suka ba ni mamaki na kwana ɗaya ko biyu sa'an nan na saba da su, amma akwai guda wanda har yanzu in na tuna shi sai raina ya sosu, shi ne ranar da na shiga wani kanti neman takalmin hawan tudu, yaron kanti ya ɗauko mini wani mai nauyi kamar taɓarya, ya juya shi, na ga an rubuta fam 160 a gindinsa. Na yi lissafi a zuci, na tarar kuɗin nan a gida ragon layya ne har da ladan mai jawo shi, saboda haka na ajiye masa kayansa a hankali, na yi godiya, na fita ina istigfari a madadin duk wanda ya taɓa yin irin wannan almubazzaranci.

Asalin maganar kuwa, wani dattijo maƙwabcina, tsohon malamin makaranta, shi ya lura cewa tun shigowar watan Yuni na kulle kaina da littattafai, begen gida ya hana ni sakewa, sai ya ce ran Laraba zai kai ni tuddan Pentland, waɗanda ke kudu da birnin, in sha iska. Sharaɗinsa ɗaya ne, in nemi takalmi na kirki. Na amsa masa da ladabi, alhali a raina dariya nake yi, domin ni da na hau Dala da Goron Dutse da silifas tun ban san ƙidaya ba, na kuma hau Kufena zamanin da nake Zariya ba guzuri sai goro a aljihu, wane tudu ne a ƙasar Turawa zai nemi in yi masa ado? Da na duba taswira sai girman kaina ya ƙaru, gama mafi tsawo a cikinsu, wanda ake kira Scald Law, mita 579 ne daga gaɓar teku, watau mai tallar doya a kasuwar Jos, yana zaune a kan bencinsa, ya fi shi tsawo ninki biyu. Na tuna kuma da Bafillatanin da ke gangaro da shanu daga Mambila zuwa kwarin Binuwai da takalmin roba, bai taɓa jin sunan fam ba. Sai na ɗaura kambas ɗina na yau da kullum.

Muka shiga bas mai bin hanyar A702, muka sauka a Flotterstone, tafiyar kamar mil 8 daga tsakiyar gari, wadda ba ta kai ko kusa da musafar ƙasaru ba, kada wani ya ce zai rage salla. Abin da suke kira bazara a nan, ya kamata mai karatu ya sani, sanyin Disamba ne na Kano aka gauraya da yayyafin Agusta, kuma suna murna da shi suna fitowa da gajeren wando.

Tudun farko sunansa Turnhouse, mita 506, shi ne kuma mai cin ƙarfi, domin hawansa a miƙe yake tun daga ƙasa. A nan na fara gane cewa kalmarmu ta dutse ba ta dace da wuraren nan ba: babu fā, babu kogo, babu ƙaya, babu inda za ka sa hannu ka kama, sai ciyawa gajera mai laushi wadda ta lulluɓe tudun tun daga gindi har ƙoli kamar an shimfiɗa masa darduma, tumaki masu baƙar fuska suna warwatse a kanta, ba makiyayi, ba sanda, ba kare. Ita wannan ciyawa, da raɓarta da ruwan daren jiya, ita ce ta yi mini hukunci. Kafin mu kai rabin hawa safata ta jiƙe sharaf, tafin kambas ya zama kamar an shafa masa kuɓewa, na zame sau biyu, na uku na zauna daɓas. Dattijon bai ce uffan ba, sai ya miƙo mini ɗaya daga cikin sandunansa biyu, wanda hakan ya fi zagi ciwo.

A gefen wannan tudu akwai wurin da ake kira Rullion Green, inda a shekarar 1666 sojojin sarki suka murƙushe wata jama'a ta Kiristoci waɗanda suka ƙi yarda sarki ya tsara musu yadda za su yi ibada. Ya nuna mini wajen da sanda, muka wuce. Daga nan aka ɗan gangara, aka sake hawa zuwa Carnethy, mita 573, wanda a kansa akwai tsibin duwatsu na mutanen dā can kafin a san rubutu a ƙasar, sa'an nan aka kuma gangarawa, aka hau Scald Law, inda ma'aikatan safiyo suka kafa wani ɗan ginshiƙin siminti.

A nan ne, wallahi, hassada ta kama ni. Tun daga Flotterstone mutum huɗu kaɗai muka gamu da su, ɗaya daga ciki tsohuwa ce wadda ta kusa haihuwata, ita kaɗai, da jakarta a baya, ta gaishe mu ta wuce ba ta ko waiwaya ba. Shirun wurin irin wanda ban taɓa ji ba ne, domin dajinmu ba ya shiru, kullum akwai gyare ko kurciya ko sarar gatari daga nesa. Nan kuwa in iska ta lafa ba ka jin kome sai wani ɗan tsuntsu da ke tashi sama ya tsaya cik yana rera kukansa, da muryar tunkiya daga can ƙetaren kwari. Garin Penicuik yana kwance a hannu ɗaya, ruwan madatsa yana ƙyalli a ɗaya hannun. Na dubi ciyawar nan, wadda da Fulaninmu za su gan ta a watan Maris da sun yi kuka, na tuna cewa akwai duwatsu a ƙasarmu, irin su Kwatarkwashi, waɗanda iyayenmu suka hau ba fargaba, yau kuwa mutum sai ya yi shawara da alwashi kafin ya bi hanyarsu ko da a mota. Su mutanen nan, dokarsu ta shekarar 2003 ta ba kowa izinin ratsa mafi yawan ƙasar, ko ta wane attajiri ce, muddin bai shiga farfajiyar gida ba, bai tattake shuka ba, bai firgita dabba ba. Mu da ba mu taɓa bukatar doka domin shiga daji ba, har muna yi wa mai shinge dariya, ga shi tsoro ya yi mana shingen da ya fi na waya.

Amma fa ban sallama musu duka ba. Wajen saukowa mun bi wata tsohuwar turba tsakanin Carnethy da Scald Law, wadda sunanta a harshensu ke nufin hanyar coci, saboda ta nan mazauna kwarin suke ƙetarawa zuwa Penicuik ran Lahadi domin ibada. Ashe kakanninsu ma, kamar namu, ba su hawa tudu sai da dalili, ko kiwo ko ibada ko gudun abokan gaba, kuma ina da yaƙinin ba wanda ya sayi takalmin fam 160 domin zuwa coci. Sai da bukata ta ƙare sa'an nan hawan ya zama nishaɗi, nishaɗin kuma ya haifi kasuwa.

Wanda Allah ya kawo shi ƙasar nan, ya kuma yi niyyar wannan siyaha, to, ya zaɓi tsakiyar mako, domin Asabar da Lahadi jama'a kan cika turbar kamar ranar kasuwa. Zagayen duka, daga Flotterstone zuwa tuddan uku, a sauko ta madatsar Loganlea, a bi titin bakin ruwa ta Glencorse a komo, mil 7 ne da ɗoriya, sa'a huɗu ko biyar ga mai tafiyar dattako. Ita Glencorse an gina ta ne a shekarun 1820 domin shayar da Edinbara, kuma akwai kangon wani ƙaramin coci a ƙarƙashin ruwanta. Rigar ruwa wajibi ce ko da gari ya waye tangaran, rigar sanyi kuma mustahabbi mai ƙarfi, gama iskar ƙoli daban take da ta gindi, hazo yana iya rufe tudun cikin ɗan lokaci har ka kasa ganin abokin tafiyarka. A riƙe shayi a filas, da dabino ko ƙuli-ƙuli in an samu. Kowace ƙofar shinge a bar ta yadda aka same ta. In aka ga jar tuta a wajen Castlelaw, ƙetaren Glencorse, sojoji ne ke koyon harbi, a nisanci wurin. In an komo gida a duba ƙafafu da ƙugu, domin akwai kaska a ciyawar, ƙarama ƙwarai, tana kuma sa wata cuta mai wuyar magani in aka yi sakaci.

Batun salla da sauƙi, domin a ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare, azahar kuwa tana shiga bayan ƙarfe ɗaya, ba abin da zai kuɓuce maka. Sai dai a riƙe kamfas, gama wanda ya saba da cewa alƙibla ita ce gabas zai yi kuskure a nan, inda take kudu maso gabas. Kashin tumakin da ke ko'ina kada ya dami kowa, a mazhabarmu ba najasa ba ne. Abin da ya dame ni shi ne ruwan wata ƙorama, wanda na wanke ƙafa da shi na ji sanyinsa har cikin haƙorina, a lokacin ne kuma na tuna karatun da aka yi mana a zaure na shafa a kan huffi, da sharuɗɗansa: ya zama na fata, mai tsarki, ɗinkakke, ya rufe idon sawu, ana iya tafiya da shi, an kuma sa shi da cikakkiyar alwala. Na lissafa su ɗaya bayan ɗaya, na ga babu wanda takalmin nan na kanti bai cika ba.

Da dare na buga wa mahaifiyata waya na ba ta labari. Ta ce, "To, ɗan nan, me aka ajiye maka a can saman?" Na ce, "Ba kome, Inna, iska muka je sha." Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Allah ya shirya. Ka dai kula da karatunka."

Kwana uku ina fama da mura. Da na warke dattijon ya kai ni wani shagon gwanjo, irin waɗanda ƙungiyoyin agaji ke buɗewa a kusan kowace unguwa, na sami takalmin fata mai rufe idon sawu, wani ya ɗan taka shi ya bari, a kan fam 18. A sayi wanda ya ɗara ƙafa kaɗan, domin safa mai kauri ta sami wuri, a kuma yi yawo da shi cikin gari na mako guda kafin a kai shi tudu, in ba haka ba zai yi maka kanta a diddige. Ni dai da shi na sake hawa Carnethy sau biyu kafin watan Agusta ya fita, ƙafata a bushe. Na fam 160 ɗin yana nan a tagar kantin, jiya ma na gan shi.