Kama da Wane Ba ta Wane: Ƙudan Nama da Kunyar Mai Fassara

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mahauta a kasuwar Kafanchan da damina ya san cewa ƙudajen da ke bin nama ba iri ɗaya ba ne. Akwai ƙaramin nan na gida, akwai kore mai sheƙi, sannan akwai wani babba mai ruwan toka da jajayen idanu, da baƙin zane guda uku a gadon baya, cikinsa kuma dabbare-dabbare. Mahauci duk ƙuda yake ce musu, ya kore su ya ci gaba da cinikinsa. Na ukun nan shi nake kira ƙudan nama. Masana suna kiran danginsa Sarcophagidae, wato masu cin nama da harshen Girka. Macensa akasari ba ta saka ƙwai, tsutsa take haifa kai tsaye a kan nama ko mushe.

Abin da ya haɗa ni da wannan ƙwaro shi ne fassara. Wani abokina mai nazarin ƙwari ya ba ni shafi biyu in mayar masa da Hausa, sai na tarar duk bayanin ya ta'allaƙa ne a kan gaɓa guda, wadda Bahaushe ba ya ambata a bainar jama'a. Ƙudajen nama sun kai iri kusan 3,000 a duniya, kuma da yawansu in ka jera su ba za ka ga bambanci ba ko da tabaron ƙara girma. Tun a 1896 wani Bafaranshe mai suna Louis Pandellé ya nuna cewa bambancin yana ɓoye ne a al'aurar namiji. Ana soke ƙudan da allura, a jawo gaɓar daga ƙarshen cikinsa da tsinke mai siririn baki kafin ya bushe, sannan a duba ta a madubin binciken ƙananan halittu. Kowane iri da fasalin tasa: wata da ƙugiya, wata da reshe biyu, wata a murɗe. Mace kuwa sau da yawa sai an haɗa da gwajin ƙwayoyin gado kafin a san irinta.

To, wace kalma zan sa? Na gwada "gaba", sai jimlar ta rikice, domin gaɓar a bayan ƙudan take. "Mazakuta" da "azzakari" sun fi kama da zancen ɗan Adam. Abokina ya ce mu bar ta da Turanci kawai, kowa ya huta. Na ƙi, domin wannan dabarar ce ta sa yawancin rubuce-rubucen kimiyya da Hausa suke tsayawa daidai inda ilmin ya fara. A zauren karatu malaman fiƙihu suna karantar da babin tsarki da Hausa tsantsa, suna kiran kowace gaɓa da sunanta gaban manya da yara, ba wanda ya ce sun yi batsa. In an iya yi wa mutum haka, ban ga dalilin jin kunyar ƙuda ba. Daga ƙarshe na zaɓi "al'aurar namiji" ga gaɓar ɗungurungum, sassan da yake riƙe mace da su kuma na ce musu "ƙugiyoyin riƙo".

Kada mai karatu ya ɗauka wannan wasan masana ne. Mu a kudancin Kaduna muna da ƙudan da ya fi na nama illa, wato tsando, mai kawo wa mutane ciwon barci, shanu kuma sammore. Shi ma da irin wannan hanyar aka rarrabe shi. A 1911 Robert Newstead na Libaful ya kasa tsando gida uku bisa fasalin al'aurar namiji, aka kuma ga rabon ya dace da mazauninsu: na bakin rafi, na dajin fili, da na duhun kurmi. Saboda wannan ƙwaro aka kafa cibiyar binciken ciwon barci a Kaduna a 1947, mai reshe a Vom. Tsandon da ke laɓe a kurmin rafi, inda mata ke wanki kuma shanu ke shan ruwa da rani, ba a yaƙarsa yadda ake yaƙar na fili, saboda haka wanda ya kasa rarrabe su zai zuba magani da kuɗi inda ba su da amfani.

Makiyayin Kachia da manomin Kagoro ba su da buƙatar leƙa madubi. Amma malamin gona da zai yi musu bayani da Hausa zai yi, tunda ita ce ta haɗa Bajju da Atyap da Ham da Fulani a kasuwa. Hausa ta ba mu ƙuda, da tsando, da ƙudan zuma, ta sa sunayen bisa amfani ko cuta, wanda ya wadaci kakanninmu. Sauran sunayen suna jiran mu ɗaliban harshe. Shafi biyun nan dai sun ci mini mako guda, har yanzu kuma akwai sassa uku na gaɓar da ban samo musu suna ba.